Jan Farce a Jikin Batir

Mahaifina mai hoto ne. Shekara talatin da wani abu yana ɗaukar mutane a shagonsa, wani ɗan ɗaki mai shuɗin labule da kujera ɗaya mai ɗingishi. Da wayoyi suka yawaita, kasuwa ta gudu ta bar shi. Aiki ɗaya ya rage masa: makarantar firamaren bayan layinmu, inda duk ƙarshen shekara yake ɗaukar yaran da suka gama, tun zamanin ina cikinsu.

Baba yana da wata ɗabi'a da take ba ni haushi. Batiran fitilar kyamararsa masu caji ne, shi kuwa lallaɓa su yake kamar ƙwai. Huɗu-huɗu yake haɗa su, ya ɗiga musu jan farcen marigayiya Mamanmu: waɗannan ɗigo ɗaya, waɗancan biyu. Tare suke caji, tare suke aiki. Ba ya barinsu a rana, ba ya bari su mutu murus, in suka yi zafi a caja sai ya cire.

"'Yan gida ɗaya ne, uwata," in ji shi. "In kika haɗa tsoho da sabo, tsohon zai ja sabon ƙasa."

Ni kuwa sai in yi tsaki a raina. Batir ai batir ne.

Ana saura kwana biyar ranar makarantar, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ni sarkin iyayi, sai na ce bari in gyara masa shago. Na share, na goge, na ga batira sun yi dabbare-dabbare da jan abu, na samo abin goge farce na murje su tas. Na juye su a gwangwani ɗaya, har da waɗanda na tarar a kwalin da yake tara matattu. Wallahi har daɗi nake ji.

Sai ranar da safe ya iya miƙewa. Ya buɗe gwangwanin, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya gyara shago?"

"Ni ce, Baba."

"Allah ya yi albarka."

Ya zaɓi takwas da ka, ya sa a caja, muka tafi ina riƙe masa jaka.

Zauren makarantar duhu gare shi, dole sai da fitila. An jera yara sittin, an gyara musu kwala. Baba ya ɗauki ɗaya, ya ɗauki biyu, a na uku fitila ta ce ba ta san zance ba. Ya canja batira. Shiru. Yara suka fara ƙus-ƙus.

Hedimasta ya dafa kafaɗarsa a gaban iyaye ya ce, "Baba, tsufa ne. Ka manta ba ka yi caji ba."

Aka yi dariya. Wata malama ta zaro wayarta ta ɗauke su cikin minti ɗaya. Ina nan tsaye, taku uku tsakanina da shi, jakarsa a hannuna. Kalma ɗaya zan faɗa ta wanke shi, amma bakina ya mutu. Tsoron a yi min dariya nake, ni da 'ya'yana uku!

"Haka ne, Malam," in ji Baba. "Na manta."

Kunyar da na ji, da ƙasa za ta tsage da na shige. Washegari na je na faɗa wa hedimasta gaskiya. Ya jinjina kai, ya ce Allah sarki, amma malamai sun riga sun ga waya ma ta wadatar.

Na biya ta shago. Baba yana zaune a kujera mai ɗingishin nan, kyamarar tana cikin jaka an zuge. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na fito da jan farcena, don na Mama ya riga ya bushe. Na ce mu gwada su ɗaya-ɗaya mu sake yin alama.

Ya miƙo min gwangwanin.

"Ki kai gida ki sa a rimot, akwai masu rai a ciki. Bar alamar, uwata. Wa zan ɗauka?"