Dardumar Aro a Gidan Malam Ƙasimu

Malam Ƙasimu maƙwabcina ne a Fulatan, katanga ɗaya ta raba mu, kuma tun tasowata ban taɓa jin ya ce babu ba. Mahaifinsa ya bar masa gonaki uku da shanun noma. Gyaɗa ta yi masa riga da wando a shekarun da take albarka, har ya aurar da 'ya'ya huɗu bai sayar da ko akuya ba. Daga baya ƙasa ta gaji, taki ya yi tsadar da sai dai kallo, aka cire tallafin man fetur, komai ya ƙara tashi. Shanun suka tafi, gonaki biyu suka bi su. Saura ɗaya, ita ma in ba taki ko irin da aka zuba ba ta mayarwa.

Bara aka yi shela cewa gwamnati za ta turo ma'aikata gida-gida su rubuta masu ƙaramin ƙarfi, wanda sunansa ya shiga zai samu taki kyauta kafin damina. Duk unguwa mun san in mutum ɗaya za a rubuta, to shi ne. Masu wayo suka shirya. Abdulsalami mai shago ya kai baburansa biyu gidan surukinsa, ya zaro wata yagaggiyar riga da ban san inda ya samo ta ba.

Shi kuwa Malam Ƙasimu da ya ji baƙi za su shigo gidansa, sai ya sa matarsa Laure ta share ko'ina fes. Ya zo aron darduma da kujerun roba wurina, ni ma da wautata na ba shi. Ya yanka kazar da ta rage musu, ya zura babbar rigarsa ta Sallah. Ma'aikatan suka ci suka sha, sannan suka tambaye shi sau nawa ake ɗora tukunya a gidan a rana.

"Alhamdulillahi, asirinmu a rufe yake," in ji shi.

Alhali kwanansu uku ke nan koko kaɗai suke sha. Laure na bayan labule tana ji, daga baya ta ce min ji ta yi kamar ta fito ta fizge takardar. Da sunaye suka fito Abdulsalami na ciki, Malam Ƙasimu babu.

Raina ya ɓaci, har yau in na tuna sai na ji zafi. Da na ji an ba da mako guda na gyara, na goya shi a babur har ofishin ƙaramar hukuma a Rogo, ina ta biya masa abin da zai faɗa, ina ce masa kunyar mara kunya asara ce. Ya ce to. Muka tarar da ofishin cike, muka bi layi har ya zo kansa. Jami'in ya ɗaga biro ya ce, "Baba, faɗa mana halin da gidanka yake ciki."

Malam Ƙasimu ya buɗe baki, sai ya waiga ya ga mijin 'yarsa ta fari tsaye a bayansa cikin layi. Ya gyara hula.

"Gaisuwa na zo yi, ranka ya daɗe. Allah ya taimaka."

Haka muka dawo gida. Laure ta leƙo daga zaure da ta ji tsayuwar babur, ta dubi fuskata, ta gane, ta koma ciki.