Haruffan Yumɓu na Malam Bubayero

Shekara tara muka yi da Malam Bubayero a elementaren Gashuwa, ajinsa na jikin nawa, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Bafulatani ne haifaffen Nguru, dogo, siriri. Ubansa ya so ya shiga aikin reluwe, shi kuwa ya ce alli zai riƙe, ya hau motar gyaɗa ya taho mana a shekarar 1949.

Ana nan sai Gaji masunci ya kawo 'yarsa Aisa, wadda ƙyanda ta tafi da idanunta tun tana goye. Ba karatu ya kawo ta ba. Shi da matarsa a kogi suke wuni, so yake a ajiye masa ita inda ba za ta faɗa rijiya ba. Na ce masa nan makaranta ce, ba gidan raino ba. Bubayero ya leƙo ta taga ya ce a kai ta ajinsa.

Kafin wata guda ta haddace duk abin da ake rerawa, har tana yi wa masu ido gyara. Amma allo bai yi mata amfanin komai ba. Sai Bubayero ya shiga zuwa bakin kogi da la'asar, ya naɗe wando, ya ɗebo yumɓu, ya mulmula haruffa manya kamar tafin hannu, ya shanya a rana. Yara arba'in da biyu gare shi. Yakan ba su aiki, ya durƙusa gefen Aisa yana bi da yatsanta a kan harafi, bayansa kuwa aji ya zama kasuwa. Wani ya sace harafi ya yi wasa da shi, akuya ta taka biyu. Ni dai dariya nake yi masa a fili.

Hajja Bintu maginiyar tukwane ta ce masa, "Malam, kawo in gasa maka su tare da tulunana."

Ya ce, "Haba Hajja! Tubalin gidan ubana ba a gasa shi ba, ga shi nan tsaye."

Ta ce, "Gidan ubanka yana da indararo."

Da damina sufeton makarantu, Malam Babayo, ya aiko daga Nguru cewa ya ji an ba makauniya benci, alhali masu ido na jiran wuri. Zai zo ranar Talata. In ta yi karatu ta zauna, in ba ta yi ba ta koma gida.

Ranar Litinin da la'asar aka sheƙa ruwa, rufin ajin ya yi yoyo daidai kan kwandon haruffan. Da safe muka tarar da kwando cike da laka. Bubayero ya tsaya a kai yana kallon lakar. Wallahi tausayinsa ya kama ni, ni da nake masa dariya.

Sufeto ya iso cikin farar riga, ya gai da Bubayero ya ce, "Wushe, Malam. Ina karatun yarinyar taka?"

Bubayero ya nuna masa kwandon. Sufeto ya ce, "To, babu abin karantawa ke nan," ya zaro alƙalami.

Sai Aisa ta ce, "Malam, miƙo min lakar. Ranka ya daɗe, faɗi abin da kake so in rubuta."

Babu wanda ya taɓa koya mata rubutu, amma shekara guda ke nan haruffan suna hannunta. Sufeto ya ce, "Kogi ya cika." Ta gutsuri laka, ta murza a tafi, ta lanƙwasa, ta jera a kan benci ɗaya bayan ɗaya. Yara suka karanta da ƙarfi tun kafin a tambaye su.

Sufeto ya ce wannan rubutu ne, shi karatu ya zo ji. Ya naɗe hannun riga ya mulmula nasa. Aisa ta shafa ta ce, "Kifi. Amma ranka ya daɗe, hannunka bai faɗa ba tukuna." Ya yi dariya har ya goge hawaye da hannun laka. Da laka a kumatu ya koma Nguru, Aisa kuma ta gama aji huɗu a bencinta.

Ran nan Bubayero ya kwashi haruffan da ta mulmula ya kai wa Hajja Bintu, kansa a ƙasa. Ta gasa masa, amma sai da ta tambaye shi lafiyar gidan ubansa.

Bayan ya bar aiki ya koma Nguru, tsufa ya rufe masa ido. Na kai masa ziyara, na same shi a zaure da gasassun haruffan nan goma a cinya, yana shafa su da yatsa. Da ya ji muryata ya ce, "Kai ne mai cewa ba gidan raino ba? Zauna in karanta maka."