Wuƙar da Aka Miƙa wa Labaran Mai Zuma

A zamanin da ake zuwa Lokoja da ƙafa, an yi wani mutum a Kusasu, ƙasar Birnin Gwari, ana ce masa Labaran mai zuma. Ɗan garin ne, amma yana yaro mahara suka sure shi a bakin daji, aka yi ta sayar da shi har bakin Kwara. Can ya sami 'yanci, can ya yi gemu. Sai da furfura ta fito masa ya dawo, ya tarar iyayensa sun rasu, ya roƙi fili a gefen gari ya kafa bukka. Sana'arsa saƙa amya, ya ɗora a kan itatuwan ɗorawa cikin daji, ƙudan zuma su shiga.

Mutum ne marar hayaniya. Ba ya shan giya, ba ya rantsuwa, in ya ji an haihu sai ya aika wa mai jego zuma. Ba a ganinsa a masallaci, ba a ganinsa wajen masu tsafi. Da azumi ba ya cin abinci a idon jama'a, ranar Lahadi kuma ba ya aiki. Mutanen gari suka ƙyale shi, don suna ganin wanda ya sha bauta ya isa a bar shi ya huta.

Ban da maƙwabcinsa Salmanu. Shi Salmanu, in ya ga tukunya a rufe, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ɗaga murfin. Wata Lahadi ya bi Labaran daji ya laɓe, ƙudan zuma suka kumbura masa ido, da ɗayan idon ya hango dattijon a durƙushe yana motsa baki, ba gabas yake kallo ba. Waliyyi ne? Boka ne? Tambayar dattijo addininsa kai tsaye rashin kunya ce, don haka Salmanu ya koma neman dabara.

Da damina ya kira gayya a gonarsa ta dawa, ya tanadi bunsuru. A al'adarsu mai gona kan miƙa wa dattijo wuƙar yanka don girmamawa. Salmanu ya ce a ransa, mai yanka dole ya ambaci sunan wanda yake bauta wa, yau zan ji. A gaban kowa ya rusuna ya miƙa wa Labaran wuƙar.

Labaran ya dubi wuƙar, ya dubi jama'a. Da ya so, da ya ce hannunsa na rawa.

"Na gode da girmamawa, Salmanu," ya ce, bai ɗaga murya ba. "Amma ni mai bin Almasihu ne, tun a Lokoja. Kada in yanka ku ci abin da ranku bai kwanta da shi ba. Ga Malam Dabo nan, a ba shi ya yanka."

Wani daga baya ya ce, "Ashe Banasare ne." Nan Salmanu ya gane ɓarnar da ya yi. Shi sani kawai yake so, ga shi ya tsayar da bawan Allah tsirara a gaban gari. A Kusasu kuwa, wanda aka ƙi haɗa akushi da shi ya tashi daga ɗan gari, Labaran kuma ba shi da wani garin da zai koma.

Malam Dabo ya yanka, aka ci gaba da noma. Da rana ta take tsaka aka kawo tuwo, mutane suka kewaye akusa, kowa ya matsa yadda ba za a sami gurbi ba. Labaran ya juya. Ya saɓa fartanyarsa ya nufi inuwar wata kaɗanya shi kaɗai.

Kunya ta kama Salmanu, tsoron bakin mutane ma ya kama shi. Duk da haka ya ɗauki akushinsa na mai gona, ya ratsa ta tsakiyar jama'a, ya dire a gaban dattijon.

"Sa hannu, Baba. Ni na jawo maka, ba za ka ci kai kaɗai ba."

Labaran ya sunkuyar da kai, ya rufe ido yana motsa baki. Salmanu ya yi bisimillarsa, ya riƙe hannu a bakin akushi, bai taɓa tuwon ba sai da dattijon ya gama.