Ɗakin da Malam Ilu bai shiga ba

Har yau ban manta da Larabar da na tafi Mallawa neman mutumin da ya ci gasa ya ƙi zuwa ba.

Lokacin ina sakatariya a wata ƙaramar ƙungiyar marubuta a Damagaram. Muna da wani tsari da muke ce wa rezidans. Sabbin marubuta su aiko dosiye, wato takardun neman shiga, alƙalai su zaɓi huɗu, mu ba kowa ɗaki na wata guda da tsohon hannu da zai riƙa duba masa rubutu. Ƙa'idar ita ce, wanda ya kwana uku bai iso ba, a ba na bayansa gurbin.

Ni na tsayar da lokacin. Na zaɓi watan bakwai don 'yan lakwal, wato ɗalibai, suna hutun bakans, ɗakunan kwanansu babu kowa. Har yabona aka yi.

Uku suka iso. Malam Ilu, wanda ya zo na ɗaya a gasar, shiru. Yana rubuta tarihin mahaifinsa ne, mai haƙar rijiyoyi. Duk sanda na buga masa portabul sai ya ce, "To Malama, in Allah ya yarda." Kwana na biyu Madam, shugabarmu, ta ce, "Rakiya, gobe da la'asar ki kira na bayansa."

Na roƙe ta in je in gan shi. Mota zuwa Magaria, daga nan kabu-kabu zuwa garinsu, Mallawa. A gona na tarar da shi, hauya a hannu, ciyawa ta kusa cinye hatsin.

Na ce, "Malam, ɗaki na jiranka."

Ya share zufa. "Malama, in na bar gonar nan wata guda yanzu, me iyalina za su ci bana?"

"Amma me ya hana ka faɗa mini a waya?"

"Kun karrama ni. Da wane baki zan ce muku a'a?"

Sai lokacin na tuna watan bakwai tsakiyar damina ne. Ni ruwan sama a wurina abin da ke ɓata rezon waya ne kawai.

Daga gindin gawo na kira Madam. Ta ce ƙa'ida ƙa'ida ce, ɗaki ba zai zauna haka nan ba. Mushe Sani na kusa da ita, tsohon malamin lakwal ne, shi ya sa muke ce masa Mushe, shi aka ba Malam Ilu ya duba masa rubutu. Na ji ya ce, "Madam, ki ba da ɗakin. Ni dai kar ki ba da ni. Ɗan Bande ne ni, can wajen Magaria, na san hanya."

Haka aka yi. Na bayansa ya samu ɗaki, ni na rubuta rapor, wato rahoto, na amsa kuskurena. Mushe ya sauka a Mallawa, kullum bayan azahar su zauna a zaure in Malam Ilu ya dawo gona. Babi uku kawai suka gama, ba littafi ba. Da takardun suka iso biro, wato ofishinmu, har da ƙasa a tsakaninsu.

Abin da na koya, mu a biro muna cewa lokaci muke ba marubuci, ba mu taɓa tambayar wane lokaci ne nasa ba. Kuma mutanenmu ba sa ce wa alheri a'a, sai dai ka ga ba su zo ba.

Yanzu ku da kuke karɓar dosiye, ku duba tambayar farko a takardar: "Wane wata kake iya barin gida?" Kar wanda ya cire ta.