Takardar da ke Bangon Malam Almu

Na daɗe ina shakkar ko abin da ya sami Malam Almu ya isa a rubuta. A inda na yi karatun kwamfuta, kuskure irin nasa dariya ake yi masa, a ce laifin mai kwamfuta ne. Ni ma haka na ɗauka ranar da aka kira ni shagonsa a Tambuwal, wata biyu da dawowata gida. Sai da na ji labarin daga bakinsa na fara kokwanton hukuncina.

Almu ɗan gidan malamai ne a Jabo. Da alƙalami da tawada ya tashi, yana kwafar littattafai, kuma abin da aka fara koya masa shi ne mai kwafi ba ya ƙara wasali, ba ya rage ɗigo. Gyara yana wuyan malamin da ya bayar da karatun. Har yau ana ba da labarin yadda mahaifinsa ya hau keke daga Jabo zuwa Fakku don ya gaya wa wani tsohon ɗalibinsa cewa kalma guda da ya koya masa ba daidai take ba.

A 2011 wata ƙungiya ta kawo horon kwamfuta na mako biyu. Mai koyarwar, Sambo, saurayi ne daga Sakkwato, Almu ya ba shi shekara goma sha biyar. Ranar rabuwa ya miƙa wa Almu takarda mai mataki goma sha ɗaya: yadda ake ɗora babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da inda ake jawo ƙananan manhajojin da ke ba ta damar rubuta ajami. Ya ce a bi ta yadda take. Almu ya sa ta a leda ya kafa a bango, tun daga ranar kuma bai kira Sambo da komai ba sai "malamina". Duk lokacin da aiki ya biyo da Sambo hanyar Kebbe, nan yake yada zango, ya ci tuwo a ƙarƙashin takardar.

Wasiƙu da katin suna ne ke ciyar da Almu, amma ba su ne aikinsa na zuciya ba. Gwaggonsa Na'inna, tsohuwa da idanunta suka rufe, tana riƙe da waƙoƙin wa'azi talatin da huɗu na kakarsu, ba a taɓa rubuta su ba. Shekara uku yana hawa mashin zuwa Jabo kowace Juma'a bayan masallaci, tana rerawa yana bugawa. Ta rasu a 2017. Bai fitar da ko shafi ɗaya a takarda ba, don a gidansu ba a sakin rubutu sai an gama muƙabala, wato bin sa baiti baiti ana tantancewa.

Da kwamfutar ta fara nauyi, ya sabunta babbar manhajar, sannan ya koma kan takardarsa don ya dawo da ajami. Mataki na bakwai ya tura shi tsohon rumbun manhajoji na intanet da aka yi watsi da shi tuni. Tsofaffin manhajojin suka nemi abin da sabuwar ta jefar, sabuwar ta ƙi zama da su. Na'urar ta tambaye shi ko ta cire wasu abubuwa. Takarda ta ce a amsa da eh ga duk tambaya, ya amsa. Fuskar kwamfuta ta yi baƙi. Layin ƙarshe na takardar ya ce in ta ƙi, a koma mataki na ɗaya. Ya koma. Mataki na ɗaya kuwa share komai yake yi, don an rubuta shi ne saboda sabuwar kwamfuta wadda babu komai a cikinta.

Ya buga wa Sambo waya. Abin da ya fara ji dariya ce.

"Haba Malam! Wagga takarda kaka bi har yanzu? Ai tun shekara biyar munka bar ta."

"Malamina, sau nawa ka ci abinci ƙarƙashinta?"

"To ni na ɗauka ado ce ka yi wa shago."

Almu ya ce da ni ba asarar ce ta fi yi masa zafi ba, wannan kalma ce, ado. Kwana huɗu na yi ina tono cikin na'urar, na samo waƙa tara cikakku da guntayen wasu uku. Sauran sun bi Na'inna. Bai yi wa Sambo baki ba, bai kuma sake kiran sunansa ba. In zance ya biyo ta kansa, "wancan yaron na Sakkwato" yake cewa.

Bayan makonni na koma, na tarar ba takarda a bango. Na yi zaton ya ƙona ta, sai na hango ta naɗe a aljihun rigarsa, an ja jan layi kan mataki na ɗaya da na bakwai. Yana ɗaure gorar ruwa a bayan mashin.

Na ce, "Malam, me za ka yi da ita kuma, bayan abin da ta yi maka?"

Ya ce, "Mutum fuɗu na koya ma wa da ita, kuma kowa ya kwafe da hannunai. Na iske biyu, na gyara musu. Dogon Daji nika zuwa yanzu, jibi Fakku."