Fim ɗin Tashin Duniya da Mudun Kawuna

Akwai kurakuran da na yi a rayuwa na riga na yafe wa kaina, amma ranar da na ja kawuna na saka shi cikin fim ɗin tashin duniya ba ta cikinsu, kuma ba na jin zan manta da ita muddin ina numfashi. Shekaru sun wuce, amma ko yanzu na tuna sai in ji raina ya ɓaci kamar jiya aka yi abin. Rabin haushin na abokina ne, rabin kuwa nawa ne ni kaɗai.

Kawun nan ƙanen mahaifiyata ne, ma'auni a kasuwar Tambuwal. Yana sayen gero da dawa a hannun manoma, yana auna wa masu saye. Ba shi da wani jarin kirki, rumfa ce kawai da 'yan buhuna da mudu ɗaya. Abin da ya riƙe shi fiye da shekara talatin shi ne mutane sun yarda da awonsa. Manomi zai taso tun daga Fakku ko Kebbe, ya wuce rumfa goma, ya sauke buhunsa gaban Kawu ya tafi sayayyarsa, in ya dawo a faɗa masa mudu kaza ne, ya karɓa ba musu. Da wannan yardar yake ciyar da gidansa.

Abokin nawa kuma tare muka yi sakandare. Tun muna ɗalibai wasu dattawan ƙungiyar wasan kwaikwayo na yankinmu suka taɓa yin fim a kan alamomin tashin duniya, da kyamarar aro. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma da hankali aka yi shi, har iyayenmu mata kan share hawaye in suna kallo. To, sai ga abokina ya dawo daga Sakkwato da waya mai tsada da hula mai baki da yake juyawa baya, ya ce daga yau a kira shi darakta, kuma wancan tsohon fim zai sabunta. Wai ya kalli wani fim na ƙasar waje inda mutanen kirki suka ɓace bat a lokaci guda, suka bar tufafinsu a ƙasa, aka bar mutanen banza suna ta gudu. Haka yake son namu ya kasance.

Ni lokacin ina koyarwa a firamare, sai ya ba ni aikin rubuta labari. Muka je wurin wani malami neman fatawa, malam ya ce abin da aka sani shi ne iska mai laushi za ta zo kusa da ƙarshen duniya ta ɗauke rayukan muminai, amma babu inda aka ce mutum zai ɓace ya bar riga da wando. Muna fita abokina ya ce, "Malam ya san karatu, amma bai san fim ba. Rai ba a ganinai ga kyamara. Riga aka gani." Da ina da hankali a nan ya kamata in ajiye masa takardunsa in kama gabana.

Ban yi haka ba, sai ma na ƙara da nawa. Na rubuta wani ma'auni mai tauye mudu wanda zai ji wa'azi ya tuba, ya jefar da mudun ha'incinsa, ya shiga cikin waɗanda za a ɗauke. Darakta ya ce ba shi da kuɗin ɗaukar ɗan wasa, kuma me zai hana a sami ma'auni na gaske a rumfarsa ta gaske. Ni da bakina na ce ina da kawu.

Sau uku ina zuwa wurinsa. Ya ce, "Ɗana, ni ban iya wasan kwaikwayo ba. Awo nika yi." Na ce ai wa'azi ne, lada zai samu, kuma ƙarshen labarin shi ne mutumin kirki. Ya kakkaɓe buhu, can ya ce, "In dai za a nuna tuban, to. Kada a bar ni ga zambar."

Ranar ɗaukar fim ɗin, in na ce zan ba da labarinta duka sai mu kwana. Wanda aka ba Dujal an manne masa ido ɗaya da salatif, zufa ta sa yana ta ɓallewa, yana mayarwa da yatsa a tsakiyar magana. Fitowar rana daga yamma kuwa, darakta ya ɗauki faɗuwarta ne ya ce zai juya hoton baya, ya manta akwai mai keke a hanya, shi ma ya koma yana tafiya da baya. Iskar da za ta ɗauke muminai da fankar tsaye aka fara yin ta, man janareto ya ƙare, aka koma fifita da faifai, hannun mai fifitar yana leƙowa ta gefen hoto. Waɗanda aka ɗauke kuma bayan zana suka ɓuya, ana hango ƙafafunsu ta ƙasa, ɗaya ma yana sosa ƙafa da ƙafa. Aka shimfiɗa rigunansu da huluna a fili, akuya ta zo ta ɗauki hula guda ta yi gaba da ita.

A rumfar Kawu darakta ya kawo wani tsohon mudu da ya lotsa gindinsa da guduma. Aka nuna wa Kawu yadda zai saki nasa ya zaro wannan daga ƙarƙashin buhu in mai saye ya waiwaya. Ya yi yadda aka ce, amma ya kasa ɗaga ido. Daga nan aka ɗauki wurin tuban, ya jefar da lotsattsen mudun yana istigfari, kuma wallahi shi kaɗai ne wurin da ya yi kyau a duk aikin. Ana gamawa awaki suka faɗa wa geronsa, ya miƙe tsaye yana waige-waige, hankali tashe, yana neman sanda. Na ga darakta bai sauke waya ba, ban kawo komai a raina ba.

Bayan sati uku fim ya fito wurin masu cajin waya da tura finafinai. Na zauna a benci na kalla tun daga farko, ina jin kunya tana kama ni a hankali. Sauti na gaba hoto na baya, kuka ya zama abin dariya, mai keke na ta komawa inda ya fito. Duk wannan da sauƙi. Aka zo kan Kawu, ga shi yana musanya mudu. Na jira tuban, babu. Sai ga riguna a ƙasa, sai ga Kawu tsaye yana waige-waige a firgice, muryar darakta a kai tana cewa ga makomar mai tauye mudu, an ɗauke na kirki an bar shi.

Ban san lokacin da na isa gidan abokina ba. Na tarar da shi yana shan fura a zaure, ko a jikinsa. Na ce ina tuban? Ya ce injin niƙa ya ɓata sautin wurin, kuma da ya duba sai ya ga fim ɗin ya fi tsoratarwa in an bar mutum sananne cikin waɗanda ba su tsira ba. "Kowa ya san wasa na," in ji shi. "Mi kaka tada hankalinka a kai?" Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba, har matarsa ta aiko a ce mu rage murya.

Ashe ban ga komai ba tukuna. Fim ɗin mutane ba su iya kallonsa har ƙarshe ba saboda rashin kyau, sai wani ya yanko wurin Kawu kaɗai, ɗan guntu na minti ɗaya, ya shiga yawo daga waya zuwa waya. Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne, da fim ɗin ya yi kama da fim, da kowa ya gane wasa ne. Amma hoton na rawa, kan mutum bai fito duka ba, hayaniyar kasuwa ta rufe komai, ga rumfar Kawu, ga buhunansa, ga rigar da aka san shi da ita. Duk wanda ya gani a ƙauye sai ya ɗauka wani ne ya laɓe ya ɗauke shi yana cikin ha'inci.

Kasuwa biyu a jere na je na zauna kusa da shi. Manoman da suka saba sauke kaya gabansa suka riƙa wucewa, wasu su yi sallama daga nesa, wasu su kau da kai. Buhu uku kacal aka kawo masa a rana ta biyu, a da kuwa kafin azahar ya gaji da awo. Bai yi mani faɗa ba, ko kallon banza bai yi mani ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Mahaifiyata ce ta biya masa bashin faɗan, ta ce na ɗauki mutuncin ƙanenta na ba 'yan wasa sun yi ƙwallo da shi.

Na tilasta wa darakta ya hau bayan babur ɗina muka nufi Kebbe, da hoton tuban a wayarsa. Hanyar nan ta girgiza mu har haƙora, kuma na yarda da gangan na riƙa faɗawa ramuka don ya ji a jikinsa. Muka bi majalisu da rumfunan caji muna nunawa muna bayani. Wasu suka yi dariya suka ce dama sun yi mamaki. Wani dattijo kuwa ya kalla sau biyu ya miƙo wayar ya ce, "To ai ga shi nan yana tuba. Wanda bai yi ba mi zai tubam mawa?" Darakta ya buɗe baki zai yi bayanin yadda ake shirya fim, na taka masa ƙafa.

A hankali kaya suka fara dawowa, ba duka ba. Wata ranar kasuwa da hantsi ina rumfar, sai ga wani tsoho daga Fakku, abokin cinikin Kawu tun kafin a haife ni, wanda in ya zo har goro suke rabawa. Aka sauke masa buhun gero, suka gaisa, suka tambayi iyali da damina. Sai tsohon ya tsaya yana shafa gemu, ya sa hannu cikin jakarsa ya fito da mudu.

Ya ce, "Ni ban yarda da zancen ba. Ɗiyana sunka ce sai in taho da shi."

Kawu ya karɓa da hannu biyu. Ya cika nasa ya juye a na tsohon, ya tsaya daidai baki, ba ragi ba ƙari. Ya sake, haka. Tsohon ya sunkuyar da kai yana cewa a yi haƙuri, a yafe masa. Kawu ya ce, "Ba ka yi laifi ba. Kullum ka riƙa tahowa da shi." Ya auna buhun gaba ɗaya da mudun baƙon, nasa na ajiye a gefe. Ni dai tashi na yi na zagaya bayan rumfa, don ba na son a ga idona.

Tun daga ranar Kawu bai ƙara auna wa kowa da hannunsa ba. Mai saye ko mai sayarwa, sai ya tura masa mudu ya ce ɗauki ka auna da kanka, shi ya zauna yana kallo. Har yau haka yake yi, masu zuwa daga baya ma suna ɗauka dama can tsarinsa ke nan, suna yabawa. Ni na san ba haka yake ba a da.

Abin da na koya shi ne, kyakkyawar niyya ba ta gyara aikin da aka yi da ganganci, kuma kiran abu wa'azi ba ya ba ka izinin taɓa sunan mutum. In za ka tsoratar da jama'a da ranar hisabi, fara duba haƙƙin wanda ke zaune kusa da kai. Mu mun tashi tuna wa mutane tashin duniya, babu wanda ya tuba saboda fim ɗinmu, sai dai mun raba mutumin kirki guda da abin da ya shekara talatin yana tarawa, kuma ni na kai masu fim ɗin ƙofarsa.