Allon da Aka Kafa a Juye

Da zarar ruwa ya ɗauke a watan Janairu, ƙarfe bakwai na safe za ka tarar da Doña Orfelina Chiguay a bakin kwalekwalen farko, jakar kyamara a kafaɗa, sandar awo a hannu, dafaffen dankali ƙunshe a tsumma. Shekara talatin da takwas ke nan tana haka. Mu nan tsibiran Chiloé rani wata biyu ne, in an yi sa'a uku, sauran shekara sama a tsiyaye take. Cikin wannan ɗan tsakanin take bin tsibirai tana ɗaukar hoton tsofaffin gidajen katako. Bana ta ce ta ajiye, ido ya gaji.

Aikin nata ba shi da wani ado. Kowane gida hoto huɗu, bango ɗaya hoto ɗaya, da sandar jingine don a san girman allunan da aka jera a jikinsa. A bayan hoton sai ta rubuta sunan mai gidan, da wanda ya sassaƙa allunan, da duk abin da aka gaya mata. Baƙi masu yawo fuskar gida suke ɗauka, inda fenti yake. Ita kuwa sai ta kutsa ta garken aladu ta ɗauki bangon arewa, wanda ruwa ke duka.

Mutane ba sa shiga hotonta. Wani ya taɓa ce mata, "Maƙwabciya, ga ni da rigar zuwa coci, ki ɗauke ni mana."

Ta ce, "Matsa gefe. Kai ai kana da madubi."

Ni kafinta ne, kuma ina cikin waɗanda suka yi mata dariya. Na taɓa ce mata hoton bango ba ya toshe yoyo. Ta ce nawa aikin ma ba kullum yake toshewa ba.

Shekara shida da suka wuce teku ta cinye gaɓar da gidan tsoho Baldovino Barría yake kai. Aka kira gayya kamar yadda aka saba. Takarkari goma sha biyu suka ja gidan bisa gungume har cikin ruwa, kwalekwale ya haye da shi mashigi, aka sake jan sa zuwa tudu. A hanya igiyar ruwa ta ɓamɓare allunan bangon kicin, ni aka ba gyaran. Na sassaƙa sababbi, na jera su tsaf kamar an ja da zare. Na ci naman gayya, na sha yabo.

Matar Baldovino, Clorinda, tsufa ya fara taɓa mata tunani. Aka kawo ta, ta zagaya gidan tana shafa bango, ta tsaya a ƙarƙashin tagar kicin, ta ce, "Wannan ba gidana ba ne." Daga nan ko bakin ƙofa ta ƙi takawa. Kwana take a rumbun dankalin ɗanta, wuni kuma tana bakin ruwa tana neman gidanta. Aka nuna mata murhunta da kujerarta, ta ce, "Kayan nan nawa ne. Wa ya kai su gidan mutane?"

Ga watan Maris na saukar ruwa ya kusa, ga ƙirjinta ba lafiya. Baldovino ya ce mini, "Eliodoro, in ruwa ya sauko matar nan tana waje, ba za ta ga wani rani ba." Ni kuwa a ganina aikina ba shi da aibi.

A rana ta tara da kawo gidan, Doña Orfelina ta sauko daga kwalekwale da ambulan. A bakin fasinjoji ta ji labarin, ba wanda ya aika mata. Ta miƙo mini hoton bangon kicin ɗin, wanda ta ɗauka shekara ashirin da huɗu kafin ranar. A layi na uku ƙarƙashin taga akwai allo ɗaya da aka kafa a juye, zagayayyen bakinsa yana kallon sama. A bayan hoton an rubuta: "Clorinda ce ta kafa shi tana amarya. An ce a gyara, ta hana."

Na ce, "Doña, wannan ai kuskure ne."

"Kafa shi yadda ka gani."

"Ruwa zai shiga."

"Shekara hamsin yana shiga, ba wanda ya mutu."

Wallahi raina bai so ba, kafinta da kunyar karkataccen aiki. Amma na zare allona mai kyau. Ta sa na tono wani tsohon allo, wanda ruwa ya mai da shi toka-toka, daga cikin tarkacen da na zubar, na kafa shi a juye. Da yamma aka zo da Clorinda. Ta bi bangon da tafin hannu, hannun ya zo kan allon ya tsaya. Ta daɗe a haka. Sannan ta juyo ta ce, "Baldovino, wa ya bar mini ƙofa a buɗe? Kaji za su shiga." Ta shige ta rufo. Bayan kwana huɗu ruwa ya sauko.

Doña Orfelina ba ta tsaya karɓar godiya ba. Ta jingina sandarta, ta ɗauki bango huɗu, tunda gida ya sake mazauni, ta bi kwalekwalen ƙarshe.

Doña, ke ce mai zagaya gida inda wasu ke tsayawa a ƙofa. Ke ce kika rubuta abin da masu gidan kansu suka ɗauka bai kai a rubuta ba. Tun ranar nan ba na zare ƙusa a tsohon gida sai na zo na duba akwatunan hotunanki, kuma na daina jin kunyar faɗa. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya, ya bar miki sauran ganin da ya rage.

Ku kuma masu waya a aljihu, rani gajere ne, gidajen nan kuma ba jiran ku suke ba. Ku zagaya, ku tambayi wanda ya kafa kowane allo, ku rubuta. Clorinda tana nan da ranta, bana ta cika tamanin da biyu. Sunan mijinta yakan ɓace mata, amma kullum da safe sai ta fito ta taɓa allon nan kafin ta hura wuta.